Philadelphia, Boston ko Virginia: ina ya fi dacewa a kai ɗan midil ya ga tarihin farkon Amurka?

Duk mai yaro a aji shida zuwa takwas a Amurka, wato midil ɗinsu, ya san ranar da yaro zai shigo gida da littafin tarihi mai nauyin bulo, ya ce an ba su aiki a kan Jamestown ko a kan yaƙin neman 'yanci. A jihar New York a aji bakwai ake wannan darasi, a Texas kuwa a aji takwas. Da yawa daga cikinmu iyaye ba mu karanta shi ba. Mun san jihadin Shehu, mun san zuwan Gwamna Lugga, amma 1607 da 1776 baƙi ne a kunnenmu. Idan yaro ya tambaya sai mu ce ya duba intanet.

Gani ya kori ji. Wuraren da aka yi waɗannan abubuwa suna nan, kuma mafi yawansu suna gabashin ƙasar. Matsalar ita ce hutu kaɗan ne, kuɗi ma haka. Iyali da yawa tafiya ɗaya za su iya yi a shekarun midil ɗin yaro, kuma wurare uku ne ake ta kai-kawo a kansu: Philadelphia, Boston da Plymouth, sai yankin Jamestown, Williamsburg da Yorktown a jihar Virginia. Na kai 'yata dukkan ukun a shekaru daban-daban, kuma ga yadda na auna su.

Abin da ya kamata a duba

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin shiga kaɗai ba. Tikiti shi ne ƙaramin abu. Masauki, mai, wurin ajiye mota da abinci su ne ke cinye aljihu, don haka tambayar gaskiya ita ce: za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, ko sai an kwana?

Na biyu sauƙin zuwa da zagayawa, musamman ga iyalin da ba su da mota, ko masu tafiya da goyo da tsofaffi.

Na uku abin da zai zauna a kan yaro bayan wata shida. Ɗan shekara goma sha biyu ba ya riƙe abin da ya karanta a jikin bango. Yana riƙe abin da ya taɓa, ko ya hau, ko ya yi wa wani tambaya aka amsa masa.

Na huɗu, wanda ni ya fi damuna: labarin wa ake bayarwa? Mutane iri uku ne suka haɗu a wannan tarihi, 'yan asalin ƙasar, Turawan da suka zo da kansu, da 'yan Afirka da aka kawo a ɗaure. Yaronmu baƙar fata ne, a ajinsa wataƙila shi kaɗai ne mai suna irin nasa. Idan aka kai shi inda Turawa masu farin gashin aro kaɗai ake nunawa, zai dawo yana ganin tarihin na wasu ne, shi ɗan kallo ne. Ba haka ba ne, kuma akwai hujja a dukkan wuraren uku ga wanda ya san inda zai duba.

Na biyar abin da kan iya ɓata tafiyar: yanayi, cunkoso, ko a tarar da ƙofa a rufe.

Philadelphia

Nan ne aka rubuta takardun da ake tambayar yara a jarrabawa. A ɗaki guda na Independence Hall wakilan yankunan da Birtaniya ke mulka suka amince da takardar ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776, kuma a ɗakin dai aka rufe tagogi a zafin 1787 aka yi ta muhawara har aka sa hannu a kundin tsarin mulki ranar 17 ga Satumba. Birnin ya riƙe matsayin babban birnin ƙasa daga 1790 zuwa 1800. William Penn ne ya kafa shi a 1682.

Wajen kuɗi babu kamarsa. Ganin ƙararrawar nan mai tsaguwa, Liberty Bell, kyauta ne, layi kawai za a bi. Independence Hall ma ba a biyan kuɗin shiga, sai dala 1 ta kama lokaci ta intanet. Carpenters' Hall, inda aka yi taron farko na wakilan yankuna a 1774, yana 'yan taku kaɗan daga nan. Wanda ake biya kuma ya cancanci kuɗinsa shi ne gidan tarihin juyin juya halin Amurka da aka buɗe a 2017, inda ake nuna ainihin tantin da George Washington ya kwana a ciki a fagen yaƙi. Daga New York tafiyar kilomita 150 ce ko kusa da haka, awa biyu a bas, ƙasa da haka a jirgin ƙasa. A fita bayan asuba, a dawo bayan isha. Komai yana kusa da juna, ƙasa shimfiɗe, keken jariri yana tafiya. Musulmi suna da yawa a birnin, abincin halal da masallaci ba wahalar samu.

Rauninsa a ma'auni na uku yake. Ɗakin da aka sa hannu ɗaki ne mai tebura da kujeru, ana tsayawa a bayan shinge, ma'aikaci ya yi bayani na 'yan mintuna, a fito. Yaron da ya riga ya karanta darasin zai ji tsikar jikinsa ta tashi. Wanda bai karanta ba zai ce, "Shi ke nan?" Don haka Philadelphia ta fi amfani bayan an yi darasin a aji, ba kafin a yi ba.

Wajen cikar labari, sai uba ko uwa sun shirya. Daf da ƙofar shiga wurin ƙararrawar akwai harsashin gidan da Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, kuma bayi tara ya riƙe a gidan. Dokar Pennsylvania ta 1780 ta ba bawan da aka shigo da shi jihar ya yi wata shida damar neman 'yanci, sai ya riƙa fitar da su daga jihar kafin wa'adin ya cika. Ɗaya daga cikinsu, budurwa mai suna Ona Judge, ta sulale a 1796 ta shiga jirgin ruwa zuwa New Hampshire, kuma ba a taɓa iya dawo da ita ba. A tsaya a nan a gaya wa yaro wannan, sannan a shiga ɗakin da aka rubuta cewa an halicci mutane daidai, kuma aka yarda a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. Daga nan yaro zai fara yin tambayoyi da kansa. Idan da sauran lokaci, babban gidan zane-zane na birnin yana da hoton Yarrow Mamout da aka zana a 1819, dattijo Musulmi ɗan Afirka ta Yamma wanda ya yi shekaru sama da arba'in a bauta kafin ya samu kansa.

Hatsarin da ya fi girma a nan shi ne manyan wuraren na gwamnatin tarayya ne. Duk lokacin da aka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi aka rufe ma'aikatu, su ma sukan rufe. Ana kuma binciken jaka a bakin ƙofa, kuma tsakiyar bazara layi yana da tsawo.

Boston da Plymouth

Idan Philadelphia ɗakin rubutu ce, Boston titi ce inda aka yi rigimar. Akwai jan layi na bulo a ƙasa da ake kira Freedom Trail, tsawonsa kilomita 4, yana bi ta wurare 16. Ba a buƙatar ɗan jagora, a bi layin kawai. Zai kai ku inda sojojin Birtaniya suka harbe mutum biyar ranar 5 ga Maris 1770, cikinsu har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Zai kai ku Old South Meeting House, inda aka yi taron da ya ƙare da zubar da akwatin ganyen shayi 342 a teku ranar 16 ga Disamba 1773, saboda fushin haraji da majalisar Landan ke ɗora wa mutanen da ba su da wakili a cikinta. A ƙarshen layin akwai hasumiyar tunawa da yaƙin Bunker Hill na 1775, mai matakala 294, da jirgin yaƙi USS Constitution da aka saka a ruwa a 1797.

Yara suna son Boston saboda ana motsi. 'Yata ta ƙirga matakalar nan da baki har sama, ni kuwa na tsaya hutawa sau uku. Har yau idan aka ambaci 1775 ita matakalar take fara tunawa, daga nan sauran labarin ya biyo.

Bin layin kyauta ne, hasumiyar da jirgin ma haka, sai dai wasu gidaje kamar na ɗan gwagwarmayar 'yanci Paul Revere ana biya. Jirgin na sojojin ruwa ne, duk wanda ya kai shekara 18 sai ya nuna katin shaida mai hoto, kada a bar shi a masauki. Inda kuɗi ke tafiya shi ne kwana, domin otal a Boston yana da tsada ƙwarai, haka wurin ajiye mota. Daga New York awa huɗu ne ko fiye, ba tafiyar yini ɗaya ba ce. A cikin gari ba a buƙatar mota, amma Plymouth tana da nisan kilomita 65, kuma can mota ta fi sauƙi.

Plymouth ce rabin labarin na farko. A 1620 jirgin Mayflower ya kawo mutum 102 daga Ingila, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Akwai kwafin jirgin da ake shiga, da ƙauyen da aka gina irin na wancan zamani a gidan tarihin Plimoth Patuxet, da gefen da ke nuna rayuwar mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin. A makaranta sukan tsaya a kan walimar girbi ta 1621. Abin da ya kamata yaro ya ji shi ne yadda Tisquantum, ɗan asalin ƙasar da ya koya wa baƙin shuka masara, ya iya Turanci: sace shi aka yi a 1614 aka kai shi Sifen, ya biyo ta Ingila ya dawo a 1619, ya tarar annoba ta share garinsu ƙaf. A kufan garin nasu baƙin suka zauna. Shekara hamsin da 'yan kai bayan walimar, a 1675, ɗan sarkin da ya karɓe su, Metacom, ya yaƙe su, aka kashe shi a 1676.

Akwai namu a Boston ma. Phillis Wheatley yarinya ce da aka kawo daga Afirka ta Yamma a 1761, aka buga waƙoƙinta a Landan a 1773, kuma a majami'ar nan ta taron shayi take ibada. Akwai kuma Onesimus, bawan da ya bayyana wa ubangidansa Cotton Mather yadda ake yi wa mutane lamba a ƙasarsu don kare su daga agana, aka gwada a annobar 1721. Amma waɗannan sai an neme su, jan layin ba ya tsayar da kai a kansu.

Hatsarin Boston sanyi ne. Daga Disamba zuwa Maris tafiyar kilomita 4 a ƙasa azaba ce ga yaro, kuma ƙauyen Plymouth a rufe yake a hunturu.

Jamestown, Williamsburg da Yorktown

Wannan shi ne mafi nisa, mafi tsada, kuma a ganina mafi cika. Garuruwa uku ne da hanya ɗaya mai tsawon kilomita 37 ta haɗa, kuma a tsakaninsu akwai farkon mulkin Ingila a wannan ƙasa da ƙarshensa.

A Jamestown wurare biyu ne, kada a rikita su. Historic Jamestowne shi ne ainihin tsibirin da maza da samari 104 suka sauka a watan Mayu 1607. An daɗe ana zaton kogi ya cinye ganuwarsu, sai masu tonon kayan tarihi suka fara aiki a 1994 suka gano ta, kuma har yanzu ana tono, yaro zai iya tsayawa a bakin rami ya yi musu tambaya. A nan ake ganin shaidar yunwar hunturun 1609 zuwa 1610, wadda mutum wajen 60 kaɗai suka tsira daga cikinta. Wasu abubuwan da aka tono suna da tayar da hankali, akwai ƙasusuwan mutane, gara iyaye su fara leƙawa. Jamestown Settlement kuwa gidan tarihi ne a kusa, mai kwafin ganuwar, da ƙauyen mutanen Powhatan 'yan asalin yankin, da kwafin jiragen da suka zo. Mun shiga mafi ƙanƙantarsu, Discovery, wanda mutum 21 suka yi wata huɗu da ɗoriya a cikinsa. Sai da na sunkuya. 'Yata ta auna shi da taku, ta juyo ta ce, "Baba, a ina suke kwana?" Babu littafin da zai sa ta yi wannan tambaya.

Shekarar 1619 ita ce abin da nake so kowane yaronmu ya riƙe. A ƙarshen Yuli aka zauna majalisar wakilai ta farko a majami'ar Jamestown. Bayan 'yan makonni, a watan Agusta, jirgin White Lion ya sauke 'yan Afirka ashirin da wani abu a Point Comfort, mutanen yankin Angola ta yau da aka ƙwato daga jirgin bayi na Fotugal. Zaɓe da bauta a shekara ɗaya, a yanki ɗaya, kuma taba ce ta ɗaure su wuri guda, domin ita ce ta ceci yankin daga tsiya kuma ita ce ke neman hannu a gona. A Virginia ba sai ka nemi wannan labari ba, yana tsakiyar abin da ake nunawa.

Williamsburg ta zama babban birnin yankin a 1699. Yau an mayar da tsohon garin yadda yake a jajibirin yaƙi, da mutane cikin tufafin zamanin suna sana'a ta gaske. Mun daɗe a maƙera. Ana ja zuga-zugi, ƙarfe ya yi ja, maƙeri ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya fitar da ƙusa cikin bugu kaɗan. 'Yata ta ce irin ta ƙauyenmu ce, kuma gaskiyarta. Akwai masaƙa, da masu buga takarda, da masu yin bulo. Wajen rabin mazauna garin a 1775 baƙaƙe ne, mafi yawansu bayi, kuma akwai masu bayani da ke ɗaukar matsayinsu suna amsa tambayar yara kai tsaye. Yawo a titi kyauta ne, shiga gidaje da shagunan sana'a sai da tikiti.

A Yorktown ne Janar Cornwallis na Birtaniya ya miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba 1781, bayan sojojin Washington da na Faransa sun yi masa ƙawanya, jiragen Faransa kuma suka toshe teku. Yarjejeniyar Paris ta 1783 ce ta rufe zancen. Amma abin da ya tsayar da ni a gidan tarihin garin hoto ne: mutum mai farin rawani, da Alƙur'ani rataye a wuyansa. Ayuba Sulaiman Diallo ne, Bafulatani ɗan malamai daga Bundu a Senegal ta yau. Ya je bakin kogin Gambiya fatauci, har da sayar da bayi, aka kama shi aka sayar da shi, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin fansarsa, aka kai shi Ingila a 1733, ya koma gida a 1734. Yaron da ke zuwa islamiyya ranar Asabar ya ga wannan hoto, ya san ba jiya irinsa suka fara taka ƙasar ba.

Kuɗin kuwa sai an shirya. Kusan kowane wuri da tikitinsa, ko da yake akwai na haɗaka da ke rage nauyi. Ƙasa da kwana biyu asara ce, uku ya fi. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Williamsburg, amma zagaya garuruwan uku ba mota wahala ce. Daga Washington wajen awa uku ne, daga New York yini guda ne a hanya. Otal ya fi na Boston sauƙi. Abincin halal bai wadata ba, a tafi da guzuri, kuma a riƙa tambaya domin naman alade yana cikin girkin yankin sosai. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, da sauro da kaska a tsibirin.

| Ma'auni | Philadelphia | Boston da Plymouth | Virginia |
|---|---|---|---|
| Zamanin da ya fi nunawa | 1774 zuwa 1800 | 1620, da 1765 zuwa 1775 | 1607 zuwa 1781 |
| Kwana nawa | yini ɗaya | biyu | biyu zuwa uku |
| Kuɗin shiga | kaɗan ƙwarai | matsakaici | mai yawa |
| Masauki | ba dole ba ga na kusa | mai tsada | matsakaici |
| Ba mota | yana yiwuwa | Boston e, Plymouth da wuya | da wuya |
| Abin da ke zama a kan yaro | sai ya karanta tukun | mai yawa | mafi yawa |
| Labarin 'yan Afirka da 'yan ƙasa | sai an nuna masa | 'yan ƙasa a Plymouth, sauran sai an nema | a fili yake |
| Babban hatsari | rufe ma'aikatun tarayya | sanyi | zafi da nisa |

Wanne ne naku?

Idan kuna New York ko New Jersey, aljihu ba nauyi, kuma yaro yana gab da jarrabawa a kan tsarin mulki, ku je Philadelphia ranar Asabar. Ku kama lokacin Independence Hall tun da wuri, ku karanta labarin Ona Judge a bas.

Idan yaron mai ƙiriniya ne wanda ba ya zama wuri ɗaya, ko darasinsu ya tsaya a kan musabbabin yaƙin, Boston ce tasa, tsakanin Mayu da Oktoba. Masu ɗan'uwa a yankin da za su sauka a wajensa sun kauce wa babban kuɗin. Idan Plymouth ba za ta samu ba, a bar ta, jan layin kaɗai ya isa tafiya.

Idan akwai kaka a tafiyar ko ƙananan yara, Philadelphia ta fi sauƙin ƙafa. Williamsburg ma shimfiɗe take amma tana da faɗi, Boston kuwa akwai hawa da duwatsun titi.

Idan tafiya ɗaya tak za ku yi a duk shekarun midil, kuna da mota da kwana uku, ni Virginia zan zaɓa, musamman ga mazauna Maryland da Washington da ke kusa. A je a hutun Afrilu ko a Oktoba. A bi garuruwan yadda tarihi ya bi su, Jamestown ranar farko, Williamsburg ta biyu, Yorktown ta uku, kuma a tambayi ma'aikatan gidan tarihin Yorktown inda hoton Ayuba yake tun daga bakin ƙofa, kafin yara su gaji.